Babi na Shida: Kalsinurin da Baƙuwar Ƙoda

A babin da ya gabata mun yi bayanin yadda Allah Maɗaukakin Sarki ya taskace ilmin ginin jikin ɗan Adam a cikin ƙwayoyin gado kimanin 20,000, waɗanda aka jera su a kan kuromosom 46, rabi daga wajen uba rabi daga wajen uwa. Yanzu za mu zare guda ɗaya daga cikinsu mu bi diddiginta, kuma ba sai mun yi nisa wajen nemanta ba, gama akwai mutane a nan Kano waɗanda, ko da yake galibinsu ba su taɓa jin sunanta ba, safe da yamma suna haɗiyar magani ne don su rage ƙarfin abin da take haifarwa, kuma ran da suka daina haɗiyarsa, ran nan ajalin ƙodar da ke cikin mararsu ya fara matsowa. Sunan ƙwayar gadon PPP3CA, mazauninta kuromosom na 4, abin da take haifarwa kuwa shi ne babban sashe na wani furotin da ake kira kalsinurin.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda mutanen gari ke ce wa Asibitin Malam, an kafa shi a shekarar 1988, shekara biyar bayan rasuwar wanda aka sa wa asibitin sunansa, kuma a nan ne ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke koyon aiki. Yana bakin titin Zariya, a Gyadi-Gyadi, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, inda tun da sanyin safiya 'yan adaidaita sahu ke sauke marasa lafiya da masu jinyarsu, wasu daga Darmanawa da Hausawa da Unguwa Uku, wasu kuwa sun kwana a hanya daga Haɗeja ko Gashuwa, garuruwan da ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar mutanensu, har da waɗanda suka tsallako daga Damagaram da Maraɗi. A shekarar 2002 aka yi dashen ƙoda na farko a wannan asibiti, shekara biyu bayan da asibitin St. Nicholas na Legas ya fara irin wannan aiki a Nijeriya. Wanda ƙodojinsa biyu suka gaza, hanya biyu ce a gabansa: ko dai wankin ƙoda, wato a haɗa jijiyarsa da na'ura ta tace masa jini awa huɗu, sau uku a mako idan za a bi ƙa'ida, alhali mafi yawan jama'armu ba sa iya biyan ko da rabin haka, ko kuwa ɗan'uwa ya ba shi ƙoda ɗaya daga cikin biyun da Allah ya ba shi.

Aikin dashen kansa, duk da girmansa a idon jama'a, 'yan sa'o'i ne. Ba a ma cire tsofaffin ƙodojin a galibin lokuta, sai a bar su inda suke, a tsaga mara ta gefe guda, a kwantar da sabuwar ƙodar a can ƙasa kusa da ƙashin ƙugu, a ɗinka jijiyoyinta biyu na jini da manyan jijiyoyin da ke sauka zuwa ƙafa, sa'an nan a shigar da bututun fitsarinta cikin mafitsara. Idan aka saki matsen da ya tare jini, ƙodar da take fari fat saboda ruwan sanyin da aka wanke ta da shi sai ta ɗauki ja a hankali, ta cika ta yi ƙwari a hannun likita, sau da yawa ma kafin a rufe cikin ɗigon fitsari ya fara fita. A nan ne dangi ke yin hamdala, a rarraba sadaka, a buga waya ƙauye a ce an yi nasara. Haƙiƙa an yi nasara, amma fa mas'alar da ta fi wuya ba a ɗakin tiyata take ba, domin jikin da aka kai wa wannan baƙuwa bai san zumunci ba, bai kuma san cewa ƙane ne ya bayar don ƙaunar wansa ba.

Dalili kuwa shi ne, kusan kowace irin ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wasu alamomi a bayanta, waɗanda ake kira HLA, ana gadonsu daga iyaye ta kuromosom na 6, kuma sun bambanta tsakanin mutane bambanci mai yawa, har shaƙiƙai uwa ɗaya uba ɗaya ma ɗaya cikin huɗu ne kawai ake sa ran alamominsa su dace da naka baki ɗaya. A cikin fararen ƙwayoyin jini kuwa akwai wani jinsi, ƙwayoyin T, waɗanda aikinsu shi ne zagaya jiki suna duba waɗannan alamomi, duk inda suka tarar da wadda ba su sani ba sai su tayar da garkuwar jiki a kanta. Da wannan ne muke tsira daga ƙyanda da tarin fuka da sauran cututtuka, da shi ne kuma ƙodar da aka dasa take ruɓewa cikin kwanaki ko makonni idan aka ƙyale jiki da halinsa. Shi ya sa dashen farko da ya ɗore a duniya, wanda likita Joseph Murray ya yi a birnin Boston ta Amurka ran 23 ga Disamba 1954, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, Richard da Ronald Herrick, waɗanda alamominsu ba su da bambanci ko kaɗan. Amma mutum nawa ne Allah ya yi su tagwaye irin wannan? Sauran jama'a sai da aka jira a gano inda za a taɓa ƙwayoyin T a kwantar da su, ba tare da an rushe jikin gaba ɗaya ba.

Don mai karatu ya gane wurin da aka taɓa, tilas mu ɗan tsaya a kan wata ƙa'ida da ƙwayar halitta ke gudanar da kusan dukkan al'amuranta a kanta. Furotin, waɗanda su ne ma'aikatan cikin ƙwaya, ba kullum suke bakin aiki ba. Ana tayar da su ana kuma kwantar da su gwargwadon bukata, kuma hanyar da aka fi bi ita ce liƙa musu wani ɗan ƙaramin sinadari da ake kira fosfet, ko kuma cire musu shi. Wannan fosfet ba baƙo ba ne, shi ne ke cikin ƙashi da haƙori, shi ne kuma manomi ke saye a cikin buhun takin zamani. Masu liƙa shi ana kiransu kainas, ɗan Adam yana da irinsu fiye da 500. Masu cire shi kuma su ne fosfatas, adadinsu ya kusa 200. Edmond Fischer da Edwin Krebs, malamai biyu a Jami'ar Washington da ke Seattle, su ne suka bayyana wannan ƙa'ida a shekarar 1955, suna binciken yadda tsokar zomo ke fito da sukarin da ta ajiye, kuma sai a 1992 aka ba su kyautar Nobel a kan haka. An daɗe ana fifita masu liƙawa, ana ɗaukar masu cirewa a matsayin masu share baya kawai, kuma a ganina wannan rashin adalci ne da ya jinkirta ilmi, domin akwai furotin da yawa waɗanda ba sa motsi sai an cire musu fosfet, wato a wurinsu cirewar ita ce umarnin fara aiki.

Kalsinurin yana cikin masu cirewa. Wata malama, Claude Klee, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ita ta raɗa masa suna a 1979 bayan ta tsamo shi daga ƙwaƙwalwa, inda yake da yawa ƙwarai, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na dukkan furotin da ke wurin. A lokacin ba a san aikinsa ba, sai a 1982 Philip Cohen da abokan bincikensa a Dundee ta ƙasar Sukotlan suka tabbatar da cewa fosfatas ne. Sassa biyu gare shi. Babban sashen, wanda ke yin aikin cirewa, ƙwayoyin gado uku ne ke iya haifar da shi: PPP3CA da muka ambata, da PPP3CB a kuromosom na 10, da PPP3CC a na 8, ƙaramin sashen kuwa aikinsa sauraron kalsiyam. Muddin kalsiyam na cikin ƙwaya bai taka kara ya karya ba, kalsinurin yana nan kwance, wata jela tasa ta toshe masa bakin aiki. Amma da zarar ƙwayar T ta ci karo da baƙuwar alama, sai kalsiyam ya kwararo cikinta, ya hau ƙaramin sashen, ya kuma hau wani furotin mai suna kalmodulin wanda zai zo ya ɗage jelar, nan take bakin ya buɗe.

Abin da ke biyo baya ya yi kama da al'adar fada, inda komai muhimmancin saƙon da manzo ya zo da shi, ba ya wuce zaure sai Sallama ya nema masa iso. Cibiyar ƙwaya, inda kuromosom suke, ita ce turakar da ake zartar da hukunci; manzon kuwa wani furotin ne, NFAT, wanda Gerald Crabtree da mutanensa suka bayyana a Jami'ar Stanford a 1988. Yana zaune a waje an liƙe shi da fosfet fiye da goma, waɗanda suka rufe shaidar da za ta ba shi damar shiga. Kalsinurin shi ne mai neman iso: yana ɓamɓare fosfet ɗin nan, shaidar ta bayyana, manzo ya shige ciki, ya tayar da ƙwayar gadon da ke haifar da wani sinadari da ake kira intalukin na 2, wanda shi kuma yake sa ƙwayar T guda ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, har cikin 'yan kwanaki su zama dubbai masu neman baƙuwar alama guda. Idan kalsiyam ya janye, sai masu liƙawa su mayar wa manzo da fosfet ɗinsa, a fito da shi waje. Wanda ya lura da wannan tsari zai ga hikimar da ke cikinsa, domin yaƙi ba ya tashi da motsi guda na kuskure, sai kalsiyam ya daɗe yana kira. Zai kuma ga cewa duk wanda ya iya riƙe mai neman iso, to, ya hana yaƙin tun daga tushe.

Abin mamaki, an sami maganin da ke yin haka tun kafin a san abin da yake riƙewa. A wancan zamani kamfanin Sandoz na birnin Basel a Suwizalan yana da al'adar roƙon ma'aikatansa su zo masa da ƙasa daga duk inda suka je yawo, don a duba ko akwai ƙananan halittu masu fitar da magani. A 1969 wani ma'aikaci ya kawo ƙasa daga tudun Hardangervidda a ƙasar Norwe, aka sami wata irin fumfuna a cikinta, aka tace wani sinadari daga gare ta, aka sa masa suna saikulosforin. An so ya kashe fumfuna ne, bai yi wani abin kirki a nan ba, amma Jean-François Borel da Hartmann Stähelin suka lura yana kwantar da ƙwayoyin T ba tare da ya lalata ɓargo ba, aka buga wannan a 1976. Roy Calne ya jarraba shi ga masu dashen ƙoda a Kambirij ta Ingila a 1978, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1983. Kafin zuwansa, kusan rabin ƙodojin da aka ɗauko daga mamata ba sa cika shekara. Bayan zuwansa, kimanin 80 cikin 100 suna cikawa. A 1984 kuma kamfanin Fujisawa na Japan ya sami wani sinadarin daga bakteriyar ƙasar gindin dutsen Tsukuba, wanda ya ninka na farko ƙarfi sau da yawa. Shi ne takrolimos, wanda Thomas Starzl ya fara ba masu dashen hanta a Pittsburgh a 1989, kuma shi ne yau aka fi rubuta wa masu dashen ƙoda a ko'ina. Sai a 1991 Jun Liu da Stuart Schreiber na Jami'ar Harvard suka nuna cewa magungunan nan biyu, ɗaya daga Norwe ɗaya daga Japan, waɗanda ba su yi kama da juna a gini ba, wuri ɗaya suke nufa: kowannensu yana fara kama wani furotin na cikin ƙwaya, saikulosforin ya kama saikulofilin, takrolimos ya kama FKBP12, sa'an nan su biyun su je su tare ƙofar kalsinurin, manzo ya rasa mai cire masa fosfet.

A nan ya kamata in faɗi wata magana ga masu cewa, tun da magungunan Turawa ma daga ƙasa da tsirrai suka fito, to, me ya raba su da jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da lasifika a bakin kasuwar Tarauni da tashoshin mota? Asali ba shi ne ya raba su ba, mizani ne. Maganin Turawan an ware shi shi kaɗai daga dubban abubuwan da ke tare da shi, an auna shi da miligiram, an san gaɓar da yake taɓawa, an rubuta illolinsa an bayyana su ga jama'a. Jiƙon kuwa ba mai sayarwa ba mai saye babu wanda ya san abin da ke cikin jarkar, balle adadinsa, kuma ƙoda ce za ta tace duk abin da aka ɗura.

Mizani kuwa shi ne ruhin wannan bahasi, domin kalsinurin ba a ƙwayoyin T kaɗai yake ba, kuma maganin bai san iyaka tsakanin gaɓa da gaɓa ba. Yana cikin ƙwaƙwalwa inda yake da hannu a koyo da tunawa, shi ya sa mai shan takrolimos kan ga hannunsa yana rawa idan ya ɗaga kofi, wani ya yi fama da ciwon kai da rashin barci. Kuma a 2017 aka gano cewa jariran da aka haifa da tawaya a ƙwayar PPP3CA suna kamuwa da farfaɗiya mai tsanani tun suna 'yan watanni. Yana cikin ƙwayoyin da ke fitar da insulin, shi ya sa wasu ke kamuwa da ciwon sukari bayan dashe alhali da ba su da shi. Saikulosforin kuma yakan kumbura dasashi ya tsirar da gashi a fuska, abin da ke damun mata ƙwarai. Mafi tsananin illar ita ce wadda ke faɗa wa ƙodar kanta: maganin yana matse ƙananan jijiyoyin da ke kai jini matatanta, yana hawar da jini, idan kuma ya yi yawa shekara da shekaru sai ya bar mata tabo. Wato abin da ke kare ta daga garkuwar jiki shi ne kuma ke iya cin ta idan aka wuce haddi. Idan aka gaza haddi kuwa, jiki ya ƙi ta. Bayan haka ga cututtukan da ke samun ƙofa a buɗe saboda an kwantar da masu tsaro, tarin fuka a kan gaba.

Saboda haka ake auna maganin a cikin jini. Ana shan takrolimos sau biyu a yini, awa 12 tsakani, tare da wasu magunguna biyu, maikofenolet da firednisolon. Ranar awo mutum yakan zo asibiti da safe bai sha na safen ba, ƙwayar tana naɗe a aljihunsa, a ɗebi jininsa a zuba a 'yar kwalba mai shunin murfi, sa'an nan ya fita waje ya sayi ruwan leda ya haɗiye ta. Abin da ake nema shi ne mafi ƙarancin adadin da ya rage a jini kafin a ƙara wani, kuma adadin ɗan mitsitsi ne, nanogiram ne a kowace mililita, galibi tsakanin 5 da 10 bayan watannin farko, alhali nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Na ga wani dattijo da ya manta ya sha tun da asuba, ma'aikaciyar ta ajiye allurar ta ce masa cikin ladabi, “Baba, yau kam sai haƙuri, in muka ɗiba yanzu awon zai nuna ya yi yawa, likita ya rage maka, alhali ba haka ba ne. Gobe ka dawo, kada ka sha sai mun ɗiba.” Ya ce, “To, 'yar nan, Allah ya kai mu.” Ya gyara hularsa ya koma neman abin hawa.

Akwai wani al'amari da ya shafe mu musamman. Hanta da hanji suna narkar da takrolimos da wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu ƙwayar gadon CYP3A5 ta kuromosom na 7 ce ke haifar da shi. Mafi yawan Turawa, fiye da 80 cikin 100, sun gaji nau'in da ba ya aiki, saboda haka maganin yana daɗewa a jininsu; mafi yawan 'yan Afirka kuwa sun gaji mai aiki, jikinsu yana share maganin da sauri. Ma'anar wannan ita ce, adadin da ya wadaci Bature sau da yawa ba ya wadatar Bakano, kuma ƙa'idar da masana suka fitar a 2015 ta ba da shawarar a fara wa masu nau'i mai aiki da ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu. Ka duba wannan jarrabawa: wanda aljihunsa ya fi rauni shi ne jikinsa ya fi bukatar ƙwayoyi. Sa'an nan idan tarin fuka ya kama shi aka ba shi rifamfisin, maganin da ke rina fitsari ja, hantarsa za ta ƙara himma wajen share takrolimos, adadinsa ya faɗi ƙasa warwas idan ba a ƙara ba. Akasin haka kuma, ruwan garehul, da wasu magungunan fumfuna irin su fulukonazol, har ma da zawo mai tsanani, suna hawar da shi zuwa haddin guba. Magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, irin su diklofenak da ibuprofen, suna ƙara matse jijiyoyin ƙodar da dama a matse suke.

Azumin Ramadan ma yana shigowa cikin lissafi, gama yinin Kano yakan kai awa 13 zuwa 14 daga sahur zuwa buɗa baki, kuma idan ya faɗo a bazara, zafi ya haura digiri 40, ƙoda guda ɗaya da ke aikin biyu ba ta jure ƙishirwa kamar ta mai lafiya. Likitoci galibi suna hana azumi a shekarar farko bayan dashe, bayan nan kuma a duba halin kowa. Shari'a dai ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame, kuma karɓar rangwamen ba rauni ba ne a imani, musamman ga wanda ke ɗauke da amanar gaɓar ɗan'uwansa.

Game da halascin dashen kansa, malamai sun yi ijtihadi tun da daɗewa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 1985, Majma'ul Fiƙhil Islami kuma ya zauna a Jidda a 1988, duka suka halatta shi bisa sharuɗɗa: mai bayarwa ya yarda ba da tilas ba, kada bayarwar ta jefa rayuwarsa cikin halaka, a yi rinjayen zaton mai karɓa zai amfana, kuma kada a yi ciniki da gaɓar ɗan Adam. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta haramta cinikin. Ina so mai karatu ya tsaya a kan sharaɗi na uku, domin amfanin da ake zato ba ya tabbata da tiyata kaɗai. Al'adarmu ita ce, idan aka ce za a yi wa wani dashe, sai a yi shela a gidajen rediyo da masallatai, attajirai su bayar, talakawa su bayar, kuɗin aiki ya haɗu, kowa ya koma gida yana ganin an gama. Bayan wata shida, babu mai shela, babu mai tambaya, ga magani na kowane wata wanda daga ƙetare ake shigo da shi, ga darajar naira da ta zube tun watan Yuni na 2023 ta ɗaga farashinsa. Sai mutum ya fara dabara: na safe ya sha, na yamma ya bari, ko ya tsallake awon jini na wannan wata, ko ya sauya zuwa samfurin wani kamfani mai rahusa ba tare da an sake awo ba. Jikinsa ba zai gaya masa komai ba da farko, domin ƙin ƙoda sau da yawa ba ya zuwa da zazzaɓi ko ciwo. Kalsinurin dai ya sami sarari, ƙwayoyin T sun farka, sinadarin kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa, yana hawa a jini a ɓoye, har ran da ƙafafu za su kumbura, fitsari ya ragu, a ce a koma kan na'urar wanki. A lokacin mutum biyu ne suka yi hasara, domin ƙanen ma ya rage da ƙoda ɗaya.

Irin wannan larura, wadda ba ta yankewa, sadakar rana ɗaya ba ta dace da ita ba; abin da fiƙihu ya tanada don bukata mai ɗorewa shi ne hubusi, wato a tsayar da dukiya, a riƙa ciyar da amfaninta. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, kuma shaguna kaɗan a bakin titin Zariya ko a kasuwar Tarauni, idan aka tsayar da su aka keɓe hayarsu, za su iya riƙe maganin mutane da dama har iyakar rayuwarsu. Abin da hubusin zai ɗauka sananne ne, ba ya bukatar dogon nazari: magunguna uku na kowane wata, awon takrolimos da na kiriyatinin a kan lokaci, da gwajin CYP3A5, wanda sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, kafin a shiga tiyata, don likita ya san adadin da zai fara da shi. Akwai wani magani, belatasef, da aka amince da shi a Amurka a 2011, wanda ba ya taɓa kalsinurin ko kaɗan, ana sa shi ta jijiya sau ɗaya a wata, amma tsadarsa ta sa bai zama abin dogaron jama'armu ba tukuna.

Saura tambayar da ta riga duk wannan, wato me ya sa ƙodojin mutanen Afirka ta Yamma suke saurin gazawa tun farko, har ga matasan da ba su da ciwon sukari. Wani ɓangare na amsar yana kuromosom na 22, a wata ƙwayar gado mai suna APOL1, wadda aka gano a 2010 cewa nau'o'inta biyu da suka kare kakanninmu daga ciwon barcin da ƙudan tsando ke yaɗawa su ne kuma ke cutar da ƙodar wanda ya gaje su ta uwa da ta uba, abin da ya sa wasu asibitoci a duniya suka fara gwada mai bayarwa kafin a ɗauki ƙodarsa. Wannan shi ne bahasin babi na bakwai.